Ramukan Cu Chi, haikalin Cao Dai da dutsen Ba Den: yini ɗaya zai isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, harkar kashu za ta kai ni birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, kuma yini ɗaya tak nake da shi da babu aiki. Abokin cinikina na can ya turo mini tallar wani kamfanin yawon buɗe ido da ke kwasar baƙi da safe, ya kai su dutsen Ba Den da haikalin Cao Dai da ramukan yaƙi na Cu Chi, ya dawo da su da dare. Yini ɗaya zai ɗauki wurare uku kuwa? Na kusa sittin, ina da ɗan jiki, gwiwa kuma tana damuna. Sannan yaya zan yi da abinci da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa a yi ciniki mai albarka.

Yini ɗaya zai ɗauka, amma ka shirya wa zaman mota. Dutsen da haikalin duka suna Tay Ninh, kusan kilomita 100 arewa maso yamma da birnin, daf da iyakar Kambodiya. Cu Chi kuwa tana tsakani. Tafiya da dawowa za su ci maka awa 5 zuwa 6, galibi a kan babbar hanya mai lamba 22, wadda babura da manyan motoci ba sa barin ta ta huta. A bar otal wajen ƙarfe 6 ko 7 na safe, a dawo bayan isha'i.

Abin da ke juya tafiyar nan gaba ɗaya shi ne ƙarfe 12 na rana. Mabiya Cao Dai suna ibada sau huɗu a yini: 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma da 12 na dare, kuma ta tsakar rana ce kawai ta dace da mai zuwa daga birni. Saboda haka kamfanoni da yawa haka suke tsara ta: dutse da safe, haikali da rana, ramuka da la'asar. Duk jinkirin da aka samu a hanya ko a wurin cin abinci, Cu Chi ce ke biya, domin ana rufe ta wajen ƙarfe 5 na yamma. A ganina kuwa ita ce ta fi cancantar a ba ta lokaci. Idan aljihu zai ɗauka, ka ɗauki mota taka kai kaɗai da ɗan jagora, kada ka shiga bas mai mutum arba'in. Da motarka kai ke cewa a tashi, kai ke cewa a tsaya a yi salla, ba kuma za ka yi rabin awa kana jiran wani ya gama cinikin tsaraba ba.

Dutsen Ba Den ba zai wahalar da gwiwarka ba. Tsawonsa mita 986, babu wanda ya kai shi a yankin kudancin ƙasar, kuma shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta gonakin shinkafa da na roba. Tun shekarar 2020 akwai motar igiya, wato ɗan ɗaki mai tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, da ke ɗaukar mutane daga gindi har ƙoli cikin 'yan mintuna. A saman an gina lambuna da wani mutum-mutumin tagulla na addinin Buda mai tsawon mita 72, a tsakiyar dutsen kuma akwai tsofaffin wuraren bauta da masu ziyara ke cika. Idan gari ya washe za ka hango tafkin Dau Tieng. Gaskiya saman ya fi kama da wurin shaƙatawa na zamani, har mutum ba zai ce an taɓa yaƙi a wurin ba. An yi kuwa. Tun 1964 sojojin Amurka suka riƙe ƙolin suka kafa tashar sadarwa, mayaƙan Viet Cong, 'yan gurguzun da ke yaƙi da Amurka da gwamnatin Biyetnam ta Kudu da take mara wa baya, kuma suna zaune a kogunan da ke ƙasa da su a jikin dutse guda, har a watan Mayun 1968 suka hau suka auka wa tashar cikin dare. Ka tambayi ɗan jagora wannan, don da wuya ya ɗauko zancen da kansa. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka a nan.

Cao Dai addini ne da aka kafa a 1926, zamanin mulkin mallakar Faransa. Ya tattaro koyarwar Buda da ta Tao da ta Kwanfushiyas, tsarin shugabancinsa kuma ya ɗauko daga cocin Katolika. Alamarsa ido ne guda, idon hagu, a cikin zane mai kusurwa uku, za ka gan shi a tagogi da kuma kan wata ƙatuwar ƙwallo shuɗiya mai taurari a can ƙuryar ginin. An fara ginin a shekarun 1930, aka yi bikin buɗe shi a 1955. Daga shiga akwai zanen mutum uku da suke girmamawa: Sun Yat-sen na ƙasar Sin, da marubucin Faransa Victor Hugo, da wani masanin Biyetnam na ƙarni na 16, Nguyen Binh Khiem.

Ka isa da minti 20 kafin sha biyu. Za ka ga mutane suna ta ɓullowa a kan kekuna da babura, kowa cikin farin kaya fes, akasari dattawa. Maza ta ƙofar dama, mata ta hagu, takalma a waje. Da an kaɗa ƙararrawa sai su jera sahu-sahu a kan daɓen da ke hawa mataki-mataki har tara, tsakanin ginshiƙai masu ruwan hoda da aka nannaɗe da siffar dodanni. Shugabanni ne kawai ke sa launi: rawaya na ɓangaren Buda, shuɗi na Tao, ja na Kwanfushiyas. Daga sama masu goge da mata masu rera baiti suke, kuma sautin a hankali yake tafiya har kusan minti 45. Baƙi suna tsayawa inda masu hidima suka nuna musu, babu ratsa tsakiyar ɗaki, babu ɗaga murya, babu kuma wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare. Hukuncin shiga wurin bautar wani addini na malamai ne, ka tambayi naka kafin ka taso. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tsaya a farfajiya, ginin da jerin masu fararen kayan duk ana ganinsu daga waje.

Kada ka ɗauka waɗannan dattawan ba su da tarihin yaƙi. Cao Dai ta taɓa mallakar rundunar soja tata, ita ke iko da Tay Ninh, sai da shugaban Biyetnam ta Kudu Ngo Dinh Diem ya karya ta a tsakiyar shekarun 1950, jagoranta Pham Cong Tac ya tsere Kambodiya ya rasu a can a 1959. Hanyar da za ku bi ma ta ratsa garin Trang Bang. A nan ne ranar 8 ga Yunin 1972 jirgin sojan Biyetnam ta Kudu ya saki bam mai ƙona fata kusa da wani ƙaramin haikalin Cao Dai da mutanen gari suka fake a ciki, aka ɗauki hoton nan da duniya ta sani na yarinya 'yar shekara 9, Kim Phuc, tana gudu a kan titi jikinta a ƙone. Motoci suna wucewa ta wurin kullum, baƙin da ke ciki suna barci.

Yanzu Cu Chi. Mayaƙan Viet Minh, masu fafutukar 'yancin kai, su ne suka fara haƙa ramukan a ƙarshen shekarun 1940 lokacin yaƙi da Faransa, aka faɗaɗa su a shekarun 1960 har aka ƙiyasta tsawonsu da kusan kilomita 250. Da 'yar fartanya da kwandon gora aka yi aikin. Ƙasar wurin jar laka ce mai tauri, shi ya sa ramin ke tsayuwa ba tare da an tokare shi ba. Hawa uku ne, na sama kimanin mita 3 a ƙarƙashin ƙasa, na biyu mita 6, na can ƙasa ya doshi mita 10. A ciki akwai ɗakunan taro, da wurin yi wa masu rauni aiki, da rijiyoyi, da madafa wadda ake jan hayaƙinta ta doguwar hanya ya fita kaɗan-kaɗan nesa da inda ake girkin. Kafofin shan iska kuwa a jikin suri aka ɓoye su. Amurka ta kai manyan farmaki biyu, na Janairun 1966 tare da sojojin Ostireliya, da na Janairun 1967 da dakaru kusan 30,000, ta tura sirara daga cikin sojojinta su shiga da tocila da ƙaramar bindiga, daga baya jiragen B-52 suka yi wa yankin ruwan bama-bamai. Duk da haka daga nan aka shirya wani ɓangare na harin da aka kai wa Saigon, wato birnin Ho Chi Minh na yanzu, a bikin sabuwar shekara na 1968.

Wuri biyu ne a buɗe ga baƙi, kuma dole ka tambayi kamfanin wanne za su kai ka. Ben Dinh ya fi kusa da birni, ya fi cunkoson Turawa. Ben Duoc ya fi nisa daga birni amma ya fi dacewa da mai dawowa daga Tay Ninh, ya fi natsuwa, 'yan ƙasa sun fi zuwa can, kuma yana da ginin tunawa da aka buɗe a 1995, inda aka sassaƙa sunayen mamata fiye da 44,000 a jikin bango. Ni Ben Duoc zan zaɓa maka.

Abin da ba za ka manta ba shi ne ƙofar ramin. Ma'aikacin wurin, cikin koren kaya, zai tsaya a kan busasshen ganye ya ce ku nemo ta. Ku duba ku rasa. Sai ya share ganyen da ƙafa, wani ɗan murfin katako ya bayyana, wanda da ƙyar kafaɗun siririn mutum za su wuce. Ya zura ƙafafu, ya ɗora ganye a kan murfin, ya ɗaga hannuwa sama da shi, ya nutse. Wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Wannan kallo ne, Alhaji, kada ka gwada, masu jiki sun sha maƙalewa a nan abokan tafiya suna dariya.

Ramin da ake shigar da baƙi an faɗaɗa shi, an sa 'yan fitilu, an yi masa mafita a kai a kai. Duk da haka a tsugune ake tafiya, wani wurin da rarrafe, ga zafi ga ƙarancin iska, ga mutum a gabanka ga wani a bayanka. Mai ciwon gwiwa, ko hawan jini, ko asma, ko wanda ƙuntataccen wuri ke firgita shi, ya haƙura. Ba abin kunya ba ne, kuma ba ka yi asarar komai ba: ɗakunan da aka buɗe samansu aka rufa da ciyawa, da tarkunan tsinin gora, da ramukan da bama-bamai suka bari, da takalman da suke yankawa daga tsohuwar taya, duk a sarari suke. A ƙarshe za a kawo muku shayi da dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri da sukari, abincin mayaƙan ke nan. Bakano ba zai ji baƙunta ba, rogo da ƙuli ne aka sauya wa riga.

Ka sani labarin da za a ba ka na wanda ya ci yaƙi ne. Gwamnati ke tafiyar da wurin, ɗan jagora kuma zai fi ba da ƙarfi ga jarumta da dabara. Zazzaɓin cizon sauro da ya addabi mazauna ramin, da kwanakin da suke yi ba su ga rana ba, da ƙauyukan da aka tasa aka ƙone irin su Ben Suc a 1967, da 'yan Biyetnam ɗin da suka yi yaƙi a ɗaya ɓangaren, sai ka tambaya za ka ji. Ka yi tambayar da ladabi, yawancinsu suna da dangi a cikin labarin. Akwai kuma filin harbi inda ake sayar wa baƙi harsashi su harba AK-47 ko M16. Ƙararsa tana cika dajin. Ni dai ban ga dacewar wasa da bindiga a inda dubban mutane suka mutu ba, amma kuɗinka ne.

Batun abinci, ka yi hattara, domin naman alade da kitsensa suna shiga girkin Biyetnam sosai, har a romon da ake ce maka na kayan lambu ne. Mafita biyu gare ka. Ko ka sayi guzuri tun da dare a gidajen abincin halal da ke titin Nguyen An Ninh kusa da kasuwar Ben Thanh, ko kewayen babban masallacin titin Dong Du wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935. Ko kuma ka ce wa ɗan jagora kana son abincin "chay", wato wanda babu nama ko kaɗan. A Tay Ninh wannan ba wuya, domin mabiya Cao Dai suna ƙaurace wa nama wasu kwanaki a kowane wata, gidajen irin wannan abinci sun yawaita. Ka faɗa wa kamfanin tun ranar da za ka biya kuɗi, kada ka bari sai an zauna a tebur.

Salla kuma ka tafi da dardumarka da gorar ruwa ta alwala, don wuraren nan uku babu masallaci a cikinsu. Nisan Tay Ninh ya kai na ƙasaru. Ka duba alƙibla a wayarka, domin a can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa, kuma jikin da ya saba da gabas yakan ruɗe. Bayan cin abincin rana ne lokacin da ya fi sauƙi.

Ka sa kaya marasa nauyi waɗanda ba ka jin ƙyashin su ɓaci da jar ƙasa, da takalmi mai saurin cirewa, ka riƙe maganin sauro. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce, ruwan kuma ya fi sauka da yamma, daidai lokacin da kake Cu Chi, saboda haka 'yar rigar ruwa za ta yi amfani. Maris da Afrilu zafi ne sosai. Idan kai ke zaɓen ranar, ka kauce wa Juma'a don kada ka rasa jam'i a Dong Du, ka kauce wa Asabar da Lahadi, musamman kuma watan farko bayan bikin sabuwar shekararsu ta Tet, wanda ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. A wannan watan masu ziyarar ibada ke yin dafifi a Ba Den, layin motar igiya kaɗai zai iya sa ka rasa ibadar ƙarfe 12.