Tambayi Bakanike: Turbon da na gada, da injin da nake son buɗewa a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Renault 5 GT Turbo 'yar 1988, ja, wadda ya shigo da ita ta Kwatano tun ina firamare. Shekara takwas tana tsaye gindin dogon yaro. Na sa batir da sabon esansi ta tashi, amma hayaƙi shuɗi take yi, ruwan radiyatar yana raguwa, man injin kuma ya koma kamar koko. Gareji biyu sun ƙi taɓa ta, na uku ya ce a jefa mata injin Toyota a huta. Ni kuwa da injinta nake son ta. Babur ɗina ni ke gyara abina, ina da makullai. Wani mai kayan gyara ya nuna mini piston da shamis na Renault 9, ya ce duk ɗaya ne. Zan iya wannan aiki a gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya kai haske kabarinsa. Za ka iya. Da Audi ko Subaru ka rubuto mini, da na ce ka nemi gwani. Wannan kuwa injin tsofaffi ne da aka ɗora wa turbo: silinda 4, supap (bawul ɗin shigar da iska da fitar da hayaƙi) 8, cc 1397, gangar jiki ta baƙin ƙarfe, kilas, wato murfin saman injin, ta alminiyam, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kuma karbiratar ce ke ba shi mai. Danginsa ne ke cikin Renault 4 da 12 da muka yi ta kwancewa muna yara. An fito da GT Turbo a 1985 da ƙarfin doki 115, aka sake mata fasali a 1987 ta koma 120, aka daina ta a 1991. Taka ta biyun ce, wadda ruwa ke sanyaya turbonta. Mota ce da ba ta kai kilo 900 ba, shi ya sa take fizga kamar an tsikari doki.

Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka san abin da ya kwantar da ita. Kuma daga yau kada ka sake tayar da ita da wannan man, mai da ruwa ya gauraya yana cinye kusine, wato siraran ƙarafan da babbar sandar injin ke juyawa a kansu. Ari ma'aunin matsi, ka cire buji huɗun, ka auna kowace silinda ka rubuta. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na mai ka sake aunawa: in ta hau, sagiman, wato zobban piston, su ne suka gaji, in ba ta motsa ba, supap ne ko juwen kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas da ganga. Sannan ka cire bututun iskan da ke shiga turbo, ka kama bakin sandar turbon da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, matuƙar fukafukin ba su goga jiki. In tana shiga tana fita, turbon ya gama aiki, kuma mai yiwuwa rabin hayaƙin nan nasa ne.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. Silindar wannan injin ba a jikin ganga aka huda ta ba. Shamis ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa yana zagaye su, kowace tana zaune a kan zoben roba a ƙasa, kilas ce ke danne su daga sama. Duk tsohon bakaniken da ya ci abinci da Peugeot 504 ya san irin wannan tsari. Alherinsa shi ne ba sai ka ɗauki ganga ka kai a faɗaɗa ba, sabbin shamis da piston kawai za ka zura. Sharrinsa kuma na ɗanɗana shi da kaina. Ina shekara ta biyu a hannun ubangidana a Zango, aka kawo wata Renault 12 juwen kilas ya ƙone. Maigida ya tafi jana'iza, ni kuma ina son in nuna na iya. Na kwance notuna, na sa ƙarfi na ɗaga kilas sama tsaye, ashe shamis biyu sun manne da juwen sun ɗan taso. Ban gani ba. Na ma juya injin don in goge kan piston. Muka ɗaure, mota ta fita, bayan kwana uku ta dawo mai ya zama madara. Maigida bai zage ni ba. Ya dai sa na sauke injin ni kaɗai, a watan azumi, cikin bazara.

Saboda haka ka fara zare sandunan da ke tura supap, ka soka su a kwali bi da bi, kowace ta koma raminta. Ka cire notunan kilas ka bar guda ɗaya a sassauce, wanda ke wurin ɗan bututun da ke daidaita zamanta, sai ka bubbuga ƙarshen kilas daga gefe da gudumar roba ta juya a kansa, ta rabu da juwen, kana ka ɗaga. Da ta tashi ka danne shamis da manyan wasa da noti. Ko da sababbi za ka sa, ka saba da wannan tun yanzu, ranar da za ka sake ɗaure kilas zai yi maka rana.

Maganar mai kayan gyara kuwa, kama da wane ba ta wane. Ba lallai ƙarya ya yi niyya ba: faɗin silindar milimita 76 ne a duka biyun, kuma har lambar C1J za ka iya gani a jikin injin Renault 9 marar turbo. Lambobi ukun da ke bin bayanta su ne bambancin. Injin turbo an rage masa matsi zuwa 7.9 a kan 1, domin turbo zai ƙara cusa iska a kai. Ka sa piston na marar turbo, matsi ya hau, zafin Afrilu da ke haura 40 ya taru a kai, sai injin ya fara ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, ba a jima ba kan piston ya narke ko gadar sagiman ta karye. Waɗanda za su yi maka su ne na GT Turbo, ko na Renault 9 da 11 masu turbo in lambar ta dace. Kankare allon lambar da ke jikin ganga, ka ɗauki hotonsa, ka aika wa wanda kake da shi a Faransa. Can har yanzu akwai masu ƙaunar motar nan, kayanta ba su ɓace ba. Ya haɗo maka da littafin Revue Technique Automobile na wannan ƙira. Tunda malami ne kai Faransanci ba zai ba ka wuya ba, kuma duk ƙarfin ɗaurin noti a can za ka karanta, ba a bakina ba.

Ƙananan kaya ana samu a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. In ka tsallaka, ka canza harshe: sagiman a can ringi ne, kusine metal, buji fulogi, juwen kilas gasket, bilbirke kuma kiranshaf. Na taɓa ganin yaro ya yini yana neman kusine a Kano, ana ta nuna masa hanyar masu katifa.

Kayan aikin da makullan babur ba za su maye ba guda uku ne: makullin da ke auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin kaurin ƙarfe mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, da siraran ƙarafan auna rata. Saya ko ka ara, amma kada ka fara babu su. Kowace shamis dole ta ɗan ɗara fuskar ganga, abin da bai kai milimita 0.1 ba, kamar kaurin silin gashi, kuma huɗun su yi kusa da juna. Ta yi ƙasa, juwen ba zai kama ba, ruwa ya koma cikin mai. Kujerar da take zama a ƙasa, ka goge tsatsarta tas. Mota da ta shekara takwas da ruwa a ciki, ina zargin nan ne kokon naka ya fito. Kilas ka kifa ta, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ka gwada rata. In ta ɗan karkace a kai wa turnar, mai injin sassaƙar ƙarfe, amma ka tsaya a kansa ya ɗebe kaɗan iya buƙata, domin duk abin da ya sassaƙe matsi yake ƙarawa, mun koma gidan jiya. Bilbirke ma a auna, in ya ci a gurza shi zuwa 0.25, a sayi kusine daidai da hakan. Kada ka saya kafin a auna. Murafun biyel (sandunan da ke haɗa piston da bilbirke) da na bilbirke ka yi musu alama tun kafin su fita, ba sa musayar gida. Sarƙa da abin da ke ɗame ta ka canza, famfon mai ka buɗe ka duba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikinka ba rashin sani ba ne, ƙurar garinmu ce. Kada ka haɗa injin a tsakar gida, kada ka haɗa shi da hunturu, lokacin da ko kwanon tuwo aka rufe sai an tarar da ƙasa a kai. Kwance yanzu, ka yi aune-aune, ka jira kaya, ka haɗa da damina ta zauna. Nemi ɗaki mai ƙofa, ka yayyafa ruwa a ƙasa, tebur da tsabtataccen buhu. A nan sai ka nemi sulhu da uwargida tun da wuri, don wata biyu ɗakin ba nata ba ne. Ganga ka wanke da kananzir, sannan ruwan zafi da omo, ka bi duk hanyoyin mai da ɗan buroshi, ka busar, ka shafa mai nan take. Gwajina farin ƙyalle ne: in na goga ya fito da toka-toka, wanki bai yi ba. Kowace yamma ka lulluɓe komai da leda.

Turbo kada ka buɗe cikinsa a gida. Sandarsa tana juyi fiye da sau 100,000 a minti, daidaita ta sai inji. Ka sayi sabon ciki da aka riga aka daidaita, ka kuma canza siririn bututun da ke kai masa mai, wanda kan toshe da gawayin tsohon mai. Mutane da yawa sun sa sabon turbo a kan tsohon bututu sun yi asara biyu. Akwatin da ke sanyaya iska ma ka wanke man da ya taru a ciki.

Ranar tayarwa, tsiyaya mai a bakin turbo, ka cire buji, ka katse wuta, ka yi ta juyawa da batir har fitilar mai ta mutu. Sannan ka tayar. Kalosta, 'yar ƙofar da ke daidaita zafin ruwan injin, ka bar ta a wurinta, ko wa ya ce maka ƙasarmu da zafi a cire. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa kada ya shiga radiyatar, ka sayi na jarka mai launi. Esansin kwalba na bakin titi ma ka yafe shi, ba ka san abin da aka gauraya ba. Kilomita 1,000 na farko ka yi su da haƙuri, Mirya ka dawo, Takeita ka dawo, kana canza gudu, ba ka bari allurar turbo ta hau. Daga nan ka yi bidanji, wato ka canza man injin, ka sake daidaita supap, ka bi abin da littafin ya ce kan ɗaurin kilas. In ka kashe mota ka ji wata 'yar fanka tana ta huci ita kaɗai, lafiya lau ne: karbiratar take fifita don kada esansi ya tafasa ya hana ta tashi da zafi. Ka duba ko wani mai wayo bai yanke mata waya ba tun zamanin kawu.

Tambaya: Maigida, ina jan Hilux mai gazuwal da turbo tsakanin Damagaram da Agadas. Yaron motata ya ce in na iso kada in kashe nan take. Ba ɓarnar mai ba ce? Daga wani direba, tashar Agadas.

Amsa: Yaronka ya fi ka gaskiya, ka saya masa shayi. Bayan doguwar tafiya da lodi turbo yana da zafin gaske, in ka kashe mai ya tsaya a cikinsa ya ƙone ya zama gawayi. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. In kuwa ka riga ka ratsa gari a hankali kafin ka kai tasha, ya huce a hanya. Abin da ya fi wannan a hanyar Tanut shi ne matatar iska: duba ta kowace tafiya, kuma kada a buga ta da dutse har ta yage.

Tambaya: Malam, motata tana shan mai tana hayaƙi. An ce in zuba wani mai kauri kamar zuma, hayaƙin zai tsaya. Daga wata Hajiya, Magarya.

Amsa: Hajiya, zai ragu na ɗan lokaci, shi ya sa masu sayar da mota suke son sa. Ba ya mayar da ƙarfen da ya ci, kuma da sanyin safiya yana jinkirin isa saman inji. Ba ki faɗi irin motar ba. A auna matsi tukuna, a kuma lura da lokacin hayaƙin: in da safe ne kawai ko bayan tsayuwa, sau da yawa 'yan robobin supap ne, aikin kwana ɗaya. Ki rubuto mini lambobin matsin da aka samu, da sunan motar da shekararta.