Haƙƙina Ne, Amma Shaidana Ɗaya: Zan Iya Ƙaro Wani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, Bauchi. Na ba wani abokin ciniki masara buhu 40 bashi, ba mu rubuta ba saboda mun daɗe tare. Yanzu ya ce 25 ya karɓa. Na kai shi kotun shari'a, alƙali ya ce in kawo shaidu, ga shi mutum ɗaya ne ya ga lodin. Wani ya ce zai tsaya mini ya ce yana wurin, tunda gaskiyata ce. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai halatta ba, Alhaji, ko da masarar taka ce har ƙwayar ƙarshe. Wanda ya ce ya gani alhali bai gani ba ya yi shaidar zur, kai da ka kawo shi kuma kun yi tarayya a zunubin. A hadisin Abu Bakrata, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa.

Kuma ba ka ma buƙatarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, ana yanke shari'ar dukiya da shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai ƙara. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi hukunci da haka. Idan shaidarka ta karɓu, za ka rantse a ba ka buhu 15 ɗin da ya musa. In ka ƙi rantsewa, shi zai rantse ya kuɓuta. Sai dai ka duba wane ne shaidan naka: in ɗanka ne, ko wanda ke da rabo a masarar, ba za a karɓa ba. Direban da ya ƙirga buhunan da bakinsa ya fi maka wanda ya hango mota daga rumfa.

Littafin shago, saƙon murya na WhatsApp, alat na banki in ya taɓa biyan wani abu, tattara su tun kafin zama. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambaya ko akwai sauran hujja. Kada kunya ta sa ka ce babu, a nan wasu 'yan kasuwa suke yin sakaci.

In abokin cinikin naka ya nemi sulhu, saurare shi. Ka'abu bn Malik ya ɗaga murya a masallaci kan bashin da yake bin wani, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ba dole ba ne a kanka. In kun daidaita, a rubuta gaban alƙali, da adadi da ranar biya, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta ce a yi tun farko.

Wallahu a'alam.