Hikima ta fi zinariya, to wa zai biya kuɗin makaranta?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da masara da dawa a Saminaka, 'ya'yana uku. Ranar Lahadi an yi mana wa'azi a kan Karin Magana 16:16, cewa samun hikima ya fi samun zinariya. Bakina ya ce amin, zuciyata ba ta ce ba. Wanda muka fara sana'ar nan tare ya gina gida, ya sayi mota, alhali kowa ya san mudunsa bugagge ne, yana kuma cakuɗa tsohuwar masara da sabuwa. In za a yi gudummawa a majami'a, shi ake kira gaba. Ni kuwa kuɗin makarantar yara sai da bashi. Nufin Allah ne mai bi ya zauna cikin talauci?

Amsa: Ɗana, na gode da ka faɗi abin da ke ranka ba kwana-kwana. Ba kai ka fara jin wannan zafi ba. Asaf, a Zabura 73, ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ganin mugaye suna ƙiba suna bunƙasa. Allah bai hana a sa kukan nan cikin littafin waƙoƙin sujada ba.

Amsar tambayarka kai tsaye ita ce a'a. Ibrahim attajiri ne, Farawa 13:2 ta ce yana da dabbobi da azurfa da zinariya. Lidiya, da ta sauke Bulus a gidanta a Filibi, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya masu tsada. Ayar da aka yi muku wa'azi a kai ba ta ce zinariya ƙazanta ce ba. Awo take yi: in aka ɗora biyun a ma'auni, wanne ya fi nauyi? Sau da yawa kan hanya ɗaya suke tafiya. Sai ranar da hanya ta rabu biyu ake sanin wanda mutum ke bi.

Kalmar da aka fassara da hikima, a Ibrananci hokma ce, kuma ba zaman zugum da tunani mai zurfi take nufi ba. Ita aka yi amfani da ita ga Bezalel a Fitowa 31, gwanin ƙira da sassaƙa. Wato iya aiki, iya zaman duniya, amma tushenta tsoron Ubangiji. Saboda haka tana shiga kasuwa da kai, har gindin buhu. Littafin Karin Magana ya san sana'arka sarai. A 11:1 ya ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. A 11:26 ya ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, mai fito da shi ya sayar kuwa albarka tana kansa. Annabi Amos ma, a 8:5, ya tona asirin masu ƙosawa Asabar ta wuce su koma rage mudu su ƙara kuɗi. Ka ga bugaggen mudu ba a Saminaka aka fara shi ba.

Kada ka ɗauka ajiye hatsi zunubi ne. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara 7, ya buɗe rumbuna da yunwa ta zo, ƙasashe suka rayu. Mai arzikin nan na misalin Yesu a Luka 12 shi ma rumbu ya yi niyyar ginawa, ya ce zai rushe ƙanana ya yi manya, amma ka ƙirga sau nawa ya ce "nawa" da "raina" ba tare da ya tuna da kowa ba. Allah ya kira shi wawa, a daren kuma aka karɓi ransa. Rumbu iri ɗaya, zuciya daban. In ka saya da kaka ka ajiye zuwa bazara don ka ci riba daidai wa daida, kasuwanci ke nan. In ka kulle sito kana jiran maƙwabta su galabaita farashi ya ninka, ka san ayar da ke kanka.

Akwai wa'azin da nake ji yana ba ni haushi: wai ka roƙi hikima kamar Sulemanu, kuɗi za su biyo. An mai da addu'a dabarar kama kifi. A Gibeyon Allah ya ce ya ji daɗi ne domin Sulemanu bai roƙi dukiya ba. Kuma masu wa'azin ba su cika karanta ƙarshen labarin ba. Zinariya talanti 666 (talanti babban ma'aunin nauyi ne na zamanin da) ke shigo masa a shekara, duk da haka da ya tsufa zuciyarsa ta karkata ga gumaka. A shekara ta biyar ta sarautar ɗansa Rehobowam, Shishak sarkin Masar ya kwashe garkuwoyin zinariyar da Sulemanu ya ƙera, aka ƙera na tagulla aka maye gurbinsu, dogarai suna ɗauka kamar ba abin da ya faru.

Batun kiran abokinka gaba a majami'a, wannan laifinmu ne mu shugabanni, Wasiƙar Yakubu sura 2 kuwa ta riga ta tsawata mana a kan fifita mai kuɗi. Kada ka auna kanka da wannan kujera.

Ba zan yi maka alkawarin mota ba. Abin da na gani a shekarun hidimata shi ne matan da ke awo sun san mudun kowa, in suka yarda da kai har maƙwabtansu za su turo maka. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta shige da fice, ka raba jari da kuɗin cefane, ka zauna da uwargida ku ware kuɗin makaranta tun da kaka, lokacin da ciniki ke gudu. Ka riƙe addu'ar Agur ta Karin Magana 30:8-9, wanda ya roƙi kada a ba shi talauci ko wadata, sai abincin da ya ishe shi. Abokin naka kuma, ka same shi ku biyu kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar, ka yi masa maganar mudun nan. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare.