Amsa ga ƙanena mai shirin tahowa Maroko: wace jakar barci za ka saya?

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin takardunka sun fito, kana cikin masu tahowa Marrakesh karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a Jami'ar Cadi Ayyad. Allah ya sanya albarka. Ka ce cikin kayan da aka ce ku tanada saboda fita aikin daji akwai jakar barci mara nauyi ta lokacin zafi, kana tambaya ko ka nemi ta gwanjo a Katako kafin ka bar Yamai, ko kuwa ka naɗo bargon gida kawai tunda Maroko ma ƙasar rana ce. Ka kuma ce ka ga wata a intanet an buga mata −5 da manyan baƙaƙe, nauyinta giram 700, kuɗinta kuma kaɗan. Na ga ya fi in amsa maka a fili, don ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba cikin ƴan Nijar masu tahowa.

Zafin da masu ɗinka jakar suke nufi ba irin namu ba ne. Mu da muka tashi a Tahoua, zafi shi ne Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, da dare a fito da tabarmi tsakar gida ana fifita har asuba. Sanyi kuwa shi ne daren Janairu, ma'auni ya sauko wajen digiri 15, a hura wuta, dattawa su naɗe kai, yara su ƙi wanka. To wannan daren na digiri 15 da muke kira hunturu, shi ne a wajensu daren bazara mai daɗi. Jakar da aka ce ta lokacin zafi ce an yi ta ne don dare irin wannan ko wanda ya ɗan fi shi sanyi, kuma ba da jikin irinmu da bai saba da sanyi ba aka yi lissafinta.

Sai kuma maganar tudu, wadda ita ce ta fi shafar mai karatun duwatsu, don ba cikin gari za a kai ku ba. Marrakesh ba ta kai mita 500 daga saman teku ba, kuma a watan Yuli da rana ba ta da maraba da gida, da dare sai ta sauko wajen digiri 20 ko 21. Amma iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da ka hau. Imlil, ƙauyen da ake tashi daga cikinsa zuwa dutsen Toubkal, yana wajen mita 1,800. Yi lissafin da kanka: daren da Marrakesh take 21, can yana wajen 12. Oukaimeden, wani wuri a kan duwatsun Atlas, ya kai wajen mita 2,600, wato ƙasa da digiri 10 a tsakiyar bazara. In kuwa a Afrilu aka fita da ku, lokacin da daren Marrakesh ɗin kansa yake wajen 12, to a Imlil saura kaɗan ruwa ya daskare. Kada ka manta a ƙasar nan ce garin Ifrane yake, inda aka auna kusan digiri 24 ƙasa da sifili a shekarar 1935. Wanda ya taɓa kwana kan dutsen Bagzan a Ayar zai gane abin da nake faɗi. Ko a rairayin Merzouga, inda rana ke ƙuna, da ta faɗi ƙasa ta saki zafinta, kafin kiran assalatu ka soma neman abin rufa.

Yanzu ga yadda ake karanta jakar. Duk wadda aka yi da gaske za ka ga an ɗinka mata ƴar takarda ko an buga a jikin buhunta da lambobi uku, da alamar ISO 23537, ko EN 13537 idan tsohuwa ce. Ana sa mutum-mutumi mai ɗumi a ciki, sanye da kaya masu dogon hannu da safa, a kwantar da shi kan shimfiɗa a ɗakin sanyi, a auna yawan ɗumin da ke fita. Lamba ta farko, wadda aka rubuta wa Confort, ita ce sanyin da mace mai kilo 60 za ta yi barci a miƙe ba tare da ta ji shi ba. Ta biyu, Limite, ita ce iyakar da namiji mai kilo 73 zai iya barci a dunƙule. Ta uku, Extrême, ba ta barci ba ce sam. Ma'anarta mutum zai iya kai awa shida yana karkarwa bai mutu ba, amma yana iya cutuwa. Waccan −5 da ka gani a jakar giram 700 mai araha, ina mai tabbatar maka ko dai wannan lamba ta uku ce aka ɗauko aka ƙawata, ko kuma ba a auna ta ba gaba ɗaya. Kai dai ka dubi ta farko kaɗai, ko da kai namiji ne, sannan ka nemi wadda lambarta ta yi ƙasa da sanyin daren da digiri 5 saboda jikinka na Adar ne. Wato in daren da za ka kwana 15 ne, nemi mai Confort 10.

Don haka shawarata ita ce mai Confort 10. Ita ce za ta yi maka yawancin fitar da ake yi daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, in ba tudu irin su Imlil da Oukaimeden aka hau ba. Masu 15 da 20 sun fi sauƙin ɗauka, sun fi araha, kuma su ne mai shago zai fara miƙo maka in ka ce ta zafi kake so, amma na kwana bakin teku ne ko ɗakin aboki. Jakar da ta yi ɗumi da yawa sai ka buɗe ta, wadda ta gaza kuwa ba abin da za ka yi mata da ƙarfe huɗu na dare.

Abin da ake cusawa ciki iri biyu ne. Akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, akwai kuma audugar roba. Duk su biyun ba su ke ba da ɗumi ba. Jikinka ne ke bayarwa, su kuma su riƙe iska a tsakaninsu don kada ya tsere, kamar yadda kaza ke kumbura gashinta da sanyin safe. Ta gashi ta fi rashin nauyi nesa ba kusa ba, ana samun ta bazara da ba ta wuce giram 600 ba, tana kuma matsuwa ta zama ƴar mitsitsiya a jakar goyo, in an kula da ita ta yi shekaru. Amma tana da tsada, kuma da ta jiƙa ta lafe, ɗumin ya tafi, bushewarta kuma aiki ne. Ta roba mai Confort 10 za ta kai kilo ɗaya ko ta ɗan wuce, ta fi cin wuri, sai dai ko raɓa ta sauka a kanta tana riƙe ɗumi, ana wanke ta ba fargaba, kuma ɗalibi mai jiran kuɗin bursu zai iya sayenta. A ɓangaren Essaouira da Agadir raɓa da hazon teku suna jiƙa komai kafin gari ya waye. Ni ta roba nake so ka saya. Rabin kilon da za ka rage da ta gashi bai kai kuɗin da za ka ƙara ba, balle kai da za ka dawo da jaka cike da samfurin duwatsu.

Ka lura da zif. Nemi wadda zif ɗinta ya sauka har ƙafa, zai fi kyau in yana buɗuwa ta sama da ta ƙasa, don daren da aka yi zafi ka fito da ƙafafu ko ka baje ta ta zama mayafi. Mai tsukakkiyar ƙafa da hula ta fi riƙe ɗumi, mai kusurwa huɗu ta fi sakewa ga wanda ya saba birgima kan tabarma. Ka shiga cikinta a shagon ka gwada tsawo, ba abin kunya ba ne, kowa haka yake yi.

Akwai abin da jerin kayanku wataƙila bai ambata ba, alhali ba ya kasa jakar muhimmanci, wato shimfiɗa. Ɓangaren jakar da ke ƙarƙashinka nauyinka ya danne shi, ba iska a ciki, ba ya tsare komai. Ƙasa kuwa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Tabarmar roba tamu ta gida tana hana ƙura ne kawai. Sayi shimfiɗar soso mai naɗewa, ba ta da tsada, ƙaya ba ta fasa ta kamar mai hurawa. Za ka ga an rubuta mata lamba da harafin R, wadda ke nuna yadda take tare sanyin ƙasa, mai 2 ko kusa da haka ta ishe ka.

Game da Katako, ka bar ta. Jakar gwanjo ta daɗe a matse cikin dila, audugarta ta mutu, lambar da ke jikinta ta zama tarihi. Bargo kuma nauyi ne kawai a akwatin da ake ƙirga maka kilo, iska na shiga ta gefensa. Abin da ya kamata ka yo daga gida shi ne ka kai wa tela yadi mara kauri na auduga, ya ɗinka maka buhu mai tsawon mita 2 da ɗan ƙari, faɗi wajen santimita 80, ya bar gefe ɗaya a buɗe zuwa ƙugu. Shi za ka riƙa shiga kafin jakar, ya sha gumi da ƙura, shi za ka riƙa wankewa, kuma daren zafi sosai shi kaɗai ya isa. Ka haɗo da rawani da safa mai kauri wadda ba ka yawo da ita sai barci. Jakar kanta ka bari sai ka iso. Akwai shagon kayan wasanni na Decathlon a Marrakesh da Kasablanka, lambobin jakunkunansu a rubuce suke. Dirhami ɗaya kusan sefa 60 ne, ka riƙa lissafi da haka. Ranar da aka ce Toubkal za a hau, mai mita 4,167, kada ka sayi wata, a Imlil ana ba da hayar masu kauri.

In ka dawo daga daji ka shanya ta a inuwa, ka ajiye ta a sake, ba cikin ɗan buhunta ba. A dajin kuma ka bar ta a naɗe har lokacin kwanciya, ka kakkaɓe ta da takalmanka, don kudancin Maroko akwai baƙar kunama mai mugun dafi. Na san kuma ba ka rabuwa da shayi. Don Allah kada ka shigar da murhun gawayi ko na gas cikin tanti don jin ɗumi, kada ka yarda wani ya shigar. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi.

Ka tambayi malamin da ya ba ku jerin wane wata ake fita, kuma wane yanki, ka turo mini sunayen wuraren in duba maka tsayinsu. In ya ce Maris ko Afrilu ne a cikin Atlas, to mai Confort ƙasa da sifili za mu nema. Ka sanar da ni ranar jirginka. Ka gaida su Inna da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a.