Tambaya da Amsa: Shin Lokaci Ya Yi da Za a Bar psycopg2 a Koma Psycopg 3?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun taru a kan abu ɗaya, wato direban da manhajojin Python suke magana da rumbun bayanai na PostgreSQL ta hanyarsa. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin masu kula da manhajar wata makaranta, an rubuta ta da Python, bayananta kuma suna cikin PostgreSQL. Tun farko psycopg2 muke amfani da shi, bai taɓa ba mu ciwon kai ba, amma abokan aiki sun dame ni cewa an daina yayinsa. Mene ne ainihin bambancin, kuma dole ne mu canja? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba dole ba ne ka canja yau, domin har yanzu ana yi wa psycopg2 gyaran kurakurai a jerin sigoginsa na 2.9. Sai dai sababbin abubuwa duk sun koma Psycopg 3, wanda Daniele Varrazzo ya jagoranci rubuta shi daga tushe, ya kuma fito a watan Oktoba na 2021. Saboda haka duk wanda zai fara sabon aiki ba shi da dalilin ɗora shi a kan tsohon.

Abin da nake so ka riƙe, fiye da duk abubuwan da ake tallata sabon da su, shi ne wurin da ake haɗa umarni da bayanansa. Idan ka rubuta umarnin SQL ka bar gurbi da alamar %s domin sunan ɗalibi, psycopg2 shi da kansa yake cusa sunan cikin umarnin, bayan ya tsabtace shi, sannan ya tura wa sabar rubutu guda cikakke. Psycopg 3 ba haka yake yi ba. Yana tura umarnin da gurabensa daban, bayanan kuma daban, sabar PostgreSQL ce take haɗa su a can. Daga wannan sauyi guda ne yawancin alfanun sabon direban ya fito, daga gare shi kuma yawancin abubuwan da za su karye maka za su fito.

Ga misalan da aka fi cin karo da su. Umarnin da ake rubutawa da IN %s a miƙa masa jerin lambobi ba zai yi aiki ba, sai ka mayar da shi = ANY(%s). Umarni irin su SET da NOTIFY, da masu ƙirƙirar tebur, sabar ba ta karɓar gurbi a cikinsu. Haka nan ba za ka jera umarni biyu ko uku a rubutu ɗaya, ka raba su da alamar (;), sannan ka miƙa musu bayanai ba. Domin irin waɗannan wurare ne siga ta 3.1 ta zo da ClientCursor, wanda yake haɗa bayanan a wajenka kamar yadda tsohon yake yi, kuma babu laifi ka jingina da shi a inda gyara zai yi tsada.

Akwai wani bambanci da ba ya ihu, shi ya sa na fi jin tsoronsa. A psycopg2, idan ka buɗe zangon aiki da kalmar with ta Python a kan haɗin da ke tsakanin manhaja da rumbun, ƙarshen zangon yana tabbatar da canje-canjen ne kawai ko ya soke su, haɗin kuwa yana nan a buɗe. A Psycopg 3 ƙarshen zangon yana rufe haɗin gaba ɗaya. Manhajar da ta saba komawa kan haɗi ɗaya sau da yawa za ta tsaya cik a zagaye na biyu. Mai son tsohuwar ɗabi'ar sai ya yi amfani da conn.transaction(). Shawarata ita ce ka binciko duk inda with ya haɗu da haɗi a cikin manhajarku kafin ka taɓa komai, ka kuma gwada a kan kwafin rumbun, ba a kan na makarantar ba, musamman idan lokacin fitar da sakamako ya gabato.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Manhajarmu tana kan sabar da ke Legas, rumbun bayanan kuma yana Turai. Shigar da layi dubu kaɗan yana cin mintuna, alhali injinan duka biyu ba sa nuna alamar gajiya. An ce mini sabon direban zai magance wannan. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Malama, da gaskiya a ciki, kuma bayaninki ya nuna inda ciwon yake: ba ƙarfin inji ba ne, nisa ne. A tsohon tsari direba yana tura umarni ɗaya, ya zauna jiran amsa, sannan ya tura na gaba, kamar ɗan aiken da ake tura shi kasuwa ya sayo gishiri, sai ya dawo a sake tura shi ya sayo barkono. Mu ƙaddara zuwa da dawowa tsakanin injinan naku yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Layi 1,000 zai ci daƙiƙa 100 a jira kawai, ko da sabar ta gama kowane aiki cikin ƙiftawar ido. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, executemany na psycopg2 bai fi ki rubuta zagayen da hannunki sauri ba, shi ya sa aka tanadi execute_values a gefe.

Siga ta 3.1, wadda ta fito a 2022, ta kawo tsarin da ake kira pipeline, inda direba yake jera umarni yana turawa ba tare da jiran amsar kowanne ba, sai daga baya ya karɓi amsoshin bi da bi. Tun daga wannan siga executemany yana amfani da tsarin da kansa. Sharaɗin shi ne libpq, wato ɗakin karatun PostgreSQL da direban yake zaune a kansa a injinki, ya kasance siga ta 14 ko sama. Ba dole ba ne ita sabar rumbun ta kai haka. Ki kuma san cewa idan umarni ɗaya ya gaza a tsakiyar jeri, sabar tana tsallake duk waɗanda suka biyo shi har zuwa wurin daidaitawa na gaba, don haka kama kuskure yana buƙatar ƙarin tunani.

Amma idan aikin naki zuba layuka ne masu yawa cikin tebur ɗaya, umarnin COPY na PostgreSQL ya fi duk wannan sauri, kuma sabon direban ya sauƙaƙa shi ƙwarai da cursor.copy() da write_row. Sannan, ko da yake ba ki tambaya ba, a ganina maganin da ya fi dorewa shi ne a dawo da manhajar da rumbun wuri ɗaya, domin direba yana rage yawan tafiye-tafiye ne, ba ya rage nisan hanya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mun koma Psycopg 3, komai ya tafi daidai a gwaji, amma da muka ɗora a sabar aiki sai kurakurai suka fara fitowa jefi-jefi, suna cewa wani shiryayyen umarni babu shi, ko kuma akwai shi tun da. Muna amfani da PgBouncer. Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Ka riga ka ambaci mai laifin, wato PgBouncer, manhajar da take zama tsakanin manhajarku da rumbun tana rarraba haɗe-haɗen sabar. Psycopg 3 yana ƙirga sau nawa aka gudanar da kowane umarni a kan haɗi, idan ya kai sau 5 sai ya nemi sabar ta shirya shi ta ajiye da suna, domin kada a riƙa sake nazarinsa kowane lokaci. Wannan ajiya tana rayuwa ne a cikin haɗi guda na sabar. Shi kuwa PgBouncer, idan an saita shi ya raba haɗi bisa kowane zangon aiki, yana iya ba ka wannan haɗin yanzu, anjima ya ba ka wani, sai direban ya kira sunan da babu shi a can. Dalilin da ya sa ba ku gani a gwaji ba shi ne, galibi ba a bi ta PgBouncer a gwaji, ko kuma ba a maimaita umarni har ya kai wannan adadi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa prepare_threshold ya zama None, shirya umarni ya tsaya baki ɗaya. Idan kana son cin moriyar shiryawar, daga siga ta 3.2 direban yana jituwa da PgBouncer 1.22 ko sama, muddin an ɗaga max_prepared_statements sama da sifili, libpq ɗinka kuma ya kai siga ta 17. Idan manhajar taku ba ta da girman da zai buƙaci PgBouncer, ka duba psycopg_pool, wanda yake ajiye haɗe-haɗe a buɗe a cikin manhajar kanta. Ka dai lissafa yawan ma'aikatan manhajar sau girman ma'ajiyar kowannensu, domin PostgreSQL yana zuwa ne da iyakar haɗi 100 idan ba a canja ba, kuma kowane haɗi yana da nasa tsari mai cin ƙwaƙwalwar inji.

Tambaya: Malam, ni da Django nake aiki, ban taɓa rubuta SQL da hannuna ba. Wannan magana ta shafe ni? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ta shafe ka, amma kai ne mai sauƙin lamari a cikin masu tambayar yau. Django, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo da Python, ya fara karɓar Psycopg 3 daga siga ta 4.2 a watan Afrilu na 2023, kuma idan ya tarar da direbobin biyu a inji ɗaya sabon yake ɗauka. Yana ci gaba da haɗa bayanai a wajenka kamar da, sai idan kai ka kunna server_side_binding, don haka matsalolin da na lissafa wa ɗan'uwanmu na Zariya ba za su same ka ba. Ka girka psycopg[binary], wanda yake zuwa da nasa libpq ba sai ka harhaɗa komai ba, ka cire psycopg2 daga jerin buƙatun manhajar, ka gudanar da gwaje-gwajenka. Idan ka kai Django 5.1, za ka iya kunna ma'ajiyar haɗi ta hanyar sa pool a cikin OPTIONS, da sharaɗin ka girka psycopg[pool] kuma ka bar CONN_MAX_AGE a kan sifili, domin Django ba ya yarda a haɗa biyun.