An cire ƙarin daji daga hantar Baba, ko ya warke ke nan?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce dajin babban hanji ya bazu zuwa hantarsa, an cire ƙari uku, likita ya ce an kwashe duka, kina so ki san ko an rabu da cutar.

Na daɗe ina jinyar irin waɗannan marasa lafiya a sashen tiyata, kuma ba zan ɓoye miki ba: samun damar yin aikin nan babban rabo ne. Kusan rabin waɗanda aka yi wa suna raye bayan shekara 5, wasu ma sun warke sarai. Amma a wajen kusan biyu cikin uku cutar takan dawo, galibi cikin shekara 2 na farko.

Wuƙar likita tana cire abin da ido da na'ura suka gani ne. Sauran ya danganta da halin dajin kansa. Na ga mai ƙari guda ɗaya ɗan mitsitsi, kafin shekara ta zagayo ya ɓulla masa a huhu. Na kuma ga wanda aka yanke wa fiye da rabin hanta, yana zuwa awo da ƙafarsa shekara da shekaru, har yana yi mana tsiya.

Tun 1999 likita Fong da abokan aikinsa a New York suka fitar da alamomi biyar da ake dubawa don a kimanta yiwuwar dawowar cutar: ko dajin ya taɓa kaluluwar da ke kusa da hanji, ko ya isa hanta kafin a cika wata 12 da cire na hanjin, ƙari fiye da ɗaya, girman da ya wuce santimita 5, da awon jini na CEA (wani sinadari da dajin kan ƙara yawansa a jini) sama da 200. Har yanzu suna da amfani, sai dai yau an fi mai da hankali ga ƙwayoyin halittar ƙarin. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan daji suna da sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira KRAS. Nasu ya fi saurin dawowa, kuma maganin cetuximab ba ya yi musu aiki. Sauyi a wata ƙwayar halittar mai suna BRAF bai kai shi yawa ba, amma ya fi shi zafi. Dajin da ya faro daga ɓangaren dama na hanji shi ma yakan fi taurin kai.

Don haka ki riƙe takardar sakamakon naman da aka cire, ki tambayi likita ko gefen yankan ya fita tsaf babu ƙwayar daji, ko an gwada KRAS da BRAF, da kuma ko Baba zai sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya ji ƙarfi ya daina zuwa asibiti. Don Allah kada ku bari ya tsallake awon CEA da hoton CT, ko da yana cin abinci yana yawonsa. Hanta tana sake tofowa, idan aka gano dawowar cutar da wuri sau da yawa akan sake yankewa ko a ƙone ƙarin da allura mai zafi.