Tambayi Likita: bandejin hannu, bel da sauran kayan 'yan ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan satin kusan duk daga wajen 'yan ɗaga ƙarfe suka zo, musamman masu kwanciya a benci suna tura ƙarfe don gina ƙirji da damtse. Na ji daɗin hakan sosai, domin gara yaro ya tafi jim bayan la'asar da ya zauna a bakin layi ba aikin fari ba na baƙi. Wasu tambayoyin na gajarta su.

Tambaya daga wani matashi a Kurna: Likita barka da aiki. Ina tura kilo 80 a benci, tsintsiyar hannuna ta fara ciwo sai na je Sabon Gari na sayo bandejin nan mai roba da ake naɗawa. Ciwon ya ragu amma yanzu in na ɗaure sai yatsuna su riƙa yin sanyi suna mutuwa kamar ba nawa ba. Meye matsalar?

Ƙanena matsala biyu ce a nan, kuma bandejin ya rufe ta farko ne ya haifo ta biyu. Tsintsiyar hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere da jijiyoyi suka ɗaure su, ba a yi ta don ta lanƙwashe baya da kilo 80 a kanta ba. Yawancin yaran da nake gani suna ɗora sandar ne a gindin yatsu, sai hannun ya karye baya kamar mai ɗaukar faranti a gidan abinci, duk nauyin ya tare a gaɓar. Inda ya kamata sandar ta zauna shi ne can ƙasan tafin hannu, kusa da tudun babban yatsa, yadda in mutum ya tsaya a gefenka zai ga sanda da tsintsiya da gwiwar hannu duk a layi ɗaya. Ka gwada da sandar kawai ba faranti, wato ƙarafan nauyin da ake zurawa a gefenta, in irin ta gasa ce kilo 20 ce ita kaɗai, za ka ji bambancin tun a turawar farko.

Shi kuma mutuwar yatsun, ka matse jijiyar da ke kai saƙo ne. Akwai wata da ke bi ta tsakiyar tsintsiya tana kula da babban yatsa da manuni da na tsakiya, in ka ɗaure tamau ka bar shi minti goma kana hira da abokai to dole ta yi ƙorafi. Bandejin nan ana naɗa shi ne a kan gaɓar kanta, ya ɗan hau gindin tafin hannu, ba a ƙasa ba kamar agogo, ka ɗaure lokacin da za ka kwanta, kana tashi ka kwance. Kuma ba a sa shi tun daga ɗumama jiki, sai an zo nauyin da ya kusa ƙure ka. Ko a gasar duniya akwai ƙa'ida, hukumar gasar ɗaga ƙarfe ta duniya IPF ba ta yarda tsawonsa ya wuce mita 1 ba, faɗinsa kuma santimita 8, kenan ba wai a naɗe hannu har gwiwa ba ne. In ka gyara riƙon, ka rage nauyin ƙarfen na sati biyu zuwa uku, amma har yanzu yatsun suna mutuwa ko da ba ka ɗaure ba, musamman cikin dare har ya tashe ka daga barci, to ka zo asibiti a duba, wannan ya wuce maganar bandeji.

Tambaya daga Hotoro: Dokta shekarata 46, ina da hawan jini ina shan magani. Yaran jim sun ce in sayi bel mai faɗi saboda bayana, har wani ya ce yana rage tumbi in ana zufa a ciki. Ina ɗaure shi tun shigata har fitata.

Yallabai don Allah ka kwance shi. Maganar rage tumbi babu ita, zufar da ka gani a ƙarƙashin bel ruwa ne, kana shan fiya wata biyu ya dawo. Aikin bel shi ne ka ja numfashi ka cika ciki ka tura shi jikin bel ɗin, sai matsin da ke cikin ciki ya ƙaru ya tokare ƙashin baya, shi ya sa ya fi amfani ga mai tsugunno da ƙarfe a kafaɗa ko mai ɗago shi daga ƙasa. A benci kana kwance ne, katako ya riga ya tallafi bayan, amfaninsa kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne riƙe numfashin da ke tafiya tare da bel. A 1985 wasu masu bincike a Kanada sun auna jinin masu ɗaga ƙarfe a daidai lokacin da suke yunƙuri, suka ga yana haura 300, na mutum ɗaya ma ya kai 480 bisa 350. Na 'yan daƙiƙu ne, kuma lafiyayyen matashi yana jurewa, amma kai da jijiyoyinka suka riga suka sha matsi shekara da shekaru ba na so ka shiga wannan. Ba cewa nake ka bar jim ba, a'a, motsa jiki na cikin maganin hawan jini. Ka ɗauki nauyin da za ka iya turawa sau 12 zuwa 15 kana numfashi, ka fitar da iska lokacin turawa ka shaƙa lokacin saukewa, kada ka yi nishin nan da fuska ke kumbura jijiyar wuya ta fito. Ka auna jininka kafin ka fita, in ya kai 180 bisa 110 ranar ba jim, sai wajen likitanka. Ciwon ƙirji, jiri, ko gani ya dushe, ka ajiye ƙarfen nan take. Mai ƙaba ko gwaiwa shi ma ya ji, bel ba ya mayar da ita, tiyata ce maganinta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ɗorayi: Ranka ya daɗe kafaɗata ta dama na ciwo in sandar ta zo kusa da ƙirji. Na ga wata roba a TikTok da ake zurawa a damtse biyu, Sling Shot, suna cewa tana kare kafaɗa kuma tana ƙara kilo. In saya? Da kuma safar gwiwar hannu.

Gaskiya ne tana ƙara kilo, amma ka gane wa ke ɗaga kilon. Robar tana miƙewa a kan ƙirjinka lokacin da kake saukewa, in ka zo turawa sai ta dawo da ƙarfinta kamar danƙo ta taya ka a daidai wurin da ya fi wuya. Akwai ma babbar yayarta, wata riga mai tauri da 'yan gasa ke sawa wadda sai mutum biyu sun taya ka shiga. Duba bambancin: Julius Maddox ɗan Amurka ya tura kilo 355 a 2021 ba tare da rigar ba, Jimmy Kolb kuma da riga ya tura kilo 635 a 2023. Ka ga ba wasa ɗaya ba ne, shi ya sa ake raba gasar gida biyu. To in ka sa roba ka tura 100 alhali ƙarfinka na 85 ne, ganin kitse kake wa rogo, kuma gwiwar hannunka da tsintsiya su ne za su karɓi ragowar 15 ɗin a sama inda robar ta saki.

Ban ce ba ta da amfani ba. Wanda ya daɗe yana yi, ya iya riƙo, kafaɗarsa lafiya lau, yana so jikinsa ya saba da nauyi sama da nasa sau ɗaya a sati, babu laifi. Likitan gashin ƙashi ma zai iya ba wa mai farfaɗowa daga rauni shawarar irinta, amma bayan an san meye raunin. Kai ba ka sani ba tukuna. Ciwon nan saƙo ne, kuma sau da yawa abin da ke kawo shi buɗe gwiwar hannu ne baje-baje daidai da kafaɗa, da riƙon da ya yi faɗi da yawa. Ka matso da gwiwoyin kusa da haƙarƙari kaɗan, ka haɗe allon kafaɗunka biyu ta baya kamar za ka matse biro a tsakaninsu kafin ka ɗauko sandar, ka sauke ta a ƙasan ƙirji ba a wuya ba. Ka ƙara atisayen jawowa, domin yaranmu ƙirji kawai suke ginawa su manta da baya, kafaɗa ta riƙa zubowa gaba.

Ina yawan tuna wa matasa 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman, a gasarsu ta duniya, Paralympics, wasan da Najeriya ta fi ciyo zinare a cikinsa shi ne turin benci ɗin nan. Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Faris a 2024 ta kafa tarihin duniya, babu riga mai roba babu komai, dokar wasansu ma ba ta yarda da ita ba.

Safar gwiwar hannu kuwa ɗumi take bayarwa da ɗan matsi, tana da daɗi lokacin hunturu in ka fita da asuba gaɓoɓi sun sandare. Ba ta warkar da komai. Kuma kada ka haɗa ta da maganin ciwon nan diklofenak kullum don ka samu ka yi atisaye, olsa da ciwon ƙoda muke gani a dalilin haka.

Tambaya daga wata uwa a Gwammaja: Likita ɗana ne shekara 24, kwana biyar kenan yana tura ƙarfe ya ji wani abu ya tsinke a gefen ƙirjinsa. Damtsen ya yi baƙi ya kumbura. Mun kai shi wajen mai ɗori ya ce targaɗe ne ya ja ya ɗaure. Abokansa sun ce ya sa roba ya ci gaba a hankali.

Hajiya sannu, Allah ya ba shi lafiya. Don girman Allah kada ya koma jim kuma kada a sake jan hannun. Abin da kika faɗa ya yi kama da tsinkewar babbar tsokar ƙirji daga inda take manne da ƙashin damtse, kuma turin benci shi ne abin da ya fi kawo ta, yawanci lokacin da ake sauke ƙarfen. Ki sa shi ya cire riga ya tsaya a gabanki ya haɗa tafukan hannunsa ya matse, ki dubi gaban hammatarsa ta kowane ɓangare. In ɓangaren da ya ji ciwo ya lotsa, naman ya tattaro wajen tsakiyar ƙirji, to alama ce babba. Ku tafi Asibitin Ƙashi na Dala, ga shi ma kusa da ku, ko na Malam Aminu Kano, a cikin satin nan. Hoton ƙashi na yau da kullum ba lalle ya nuna ba tunda ba ƙashi ne ya karye ba, sai sikanin ko MRI, hoton da ke nuna tsoka da jijiya. In ta tsinke gaba ɗaya ɗinki ake yi, kuma ya fi kyau a makonnin farko, wajen shida, kafin naman ya janye ya ƙage. Na taɓa ganin wani da ya zo bayan wata takwas yana ta shafe-shafe, ƙato ne majiyi ƙarfi amma ko ƙofar mota ba ya iya rufewa da hannun sosai, har yau ina tuna yadda ya sunkuyar da kai da aka yi masa bayani.

Sannan Hajiya ki tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba, ko yana yin allurar nan ko ƙwayoyin ƙara tsoka. Suna sa nama ya girma ya fi ƙarfin jijiyar da ke riƙe da shi. In yana yi ya gaya wa likitan, ba don a kunyata shi ba ne.

Wani daga Fagge ya tambaya kan safar hannu saboda kanta, da ƙaiƙayin da ya same shi bayan ya ari ta abokinsa. Safa ba laifi, sai dai mai kauri tana sa riƙo ya yi sako-sako, alli ya fi ta in zufa ce damuwarka. Aro kuwa ka bari, zafin Kano na watan Afrilu ga gumi ga roba, naman gwari nan yake son zama. Ka wanke taka ka shanya a rana, ka je a ga fatar.

Tambaya ta ƙarshe daga Sheka: Likita ni ba ni da kuɗin jim, siminti na zuba a gwangwanin fenti biyu na soka bututu, a soron gidanmu nake yi ni kaɗai bayan isha. Wane kaya ya kamata in fara saya?

Ɗan'uwa kalmar ni kaɗai ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Duk kayan da muka lissafa babu wanda zai ɗage maka ƙarfe daga wuya in hannu ya gaza, kuma mutane sun mutu ta haka. A jim in mutum ya maƙale yana iya karkata sandar farantan su zube in bai sa maƙalli ba, naka kuwa siminti ne a daskare, ba inda za shi. Kuɗin bandeji da bel ɗin ka kai wa mai walda ya haɗa maka ƙafafu biyu masu ƙarfi, ɗaya a kowane gefen bencin, tsayinsu ya ɗan yi ƙasa da ƙirjinka in ka bankaro amma ya fi wuyanka, ka gwada su da bututu marar nauyi tukuna. Ka zagaye sandar da babban yatsanka kullum, riƙon nan da ake jera yatsu biyar a gefe ɗaya sandar na iya silalewa. Ka duba bututun ko ya fara lanƙwasa ko simintin ya tsage a inda suka haɗu, ka kai gwangwanayen wajen mai sikeli a auna don kada ɗaya ya fi ɗaya. Kafin mai waldan ya gama, ka kira ƙaninka ko maƙwabci ya tsaya a kanka hannunsa kusa da sandar, in ba kowa a daren to ka yi turin ƙasa da jikinka kawai ka kwanta.